Goron da Na Fasa a Ƙasar Ibo

Tun da na dawo daga ƙasar Ibo cinikin turarena ya koma zaman hira. Mace za ta shigo sayen humra kwalba ɗaya, ta miƙe ƙafa a kan tabarma, ta ce, "Ya Falmata, wai da gaske har can kika je? Me suke ci? Ba su yi miki komai ba?" Kafin in gama ba ta amsa wata ta yi sallama, a koma farko. Shekaranjiya sai da sukari ya ƙone mini a kasko, na yi asarar itacen sandal mai kyau, ina ba da labarin gadar Makurɗi. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta tambaya in miƙa mata, ni in koma kan aikina.

Sai na fara da Ngozi, don saboda ita na yi tafiyar. Shekara ashirin da biyu muka yi a gida ɗaya a Bulabulin, ɗakinta na kallon nawa. Ita tela ce, mijinta Emeka yana sayar da kayan gyaran babur a Gamboru. A hannuna aka haifi 'yarta Ada, ni na yi mata wankan farko, na laƙaba mata Yagana, sunan ya bi ta har makaranta. Da rikici ya yi tsanani aka hana hawan babur a gari, kasuwar Emeka ta mutu, ga tsoro kullum. Wata safiya suka ɗaure kaya suka koma ƙauyensu kusa da Nsukka. Ni da Ngozi muka yi kuka kamar an yi mutuwa, daga nan kuma waya ta zama ɗakin hirarmu.

Sai zaɓen shugaban ƙasa ya zo, wanda kowa a garin nan ya tuna. Mun gaji. Mun gaji da ƙarar da ke sa a leƙa a ga wane yaro ne bai dawo ba, mun gaji da ganin dangi daga ƙauye sun cika makarantu da tabarmi. Muka fita tun asuba muka yi layi, kusan duk unguwa baki ɗaya, muka zaɓi wanda muke kira namu, muka bar mai ci, wanda muke kira nasu. Ranar da ake faɗin sakamako ina zaune gaban talabijin, sun zana ƙasar nan sun shafa mata launi biyu. Na ga jihar su Ngozi an shafe ta tas da launin nasu. A daidai lokacin ta kira ni, ta ji an ce gari ya cika da murna, tana so ta ji ko muna lafiya. Ni kuwa da bakina da ba ya jiran shawara na ce, "Na ga abin da kuka yi, Ngozi. Ana kashe mu, ku kuna cewa a ci gaba. Ashe zaman da muka yi na banza ne."

Ta kashe waya. Wata tara ba ta ƙara ɗaukar kirana ba. Na yi nadama tun kafin in ajiye wayar, amma girman kai ya hana ni aika saƙo.

Ada ce ta kira ni. "Mama Falmata, aurena wata mai zuwa. Ni fa ba zan shiga gidan miji babu dilka ba, ko 'yar Maiduguri ce ni ko ba ita ba? Mama ba ta san na kira ki ba." Na ce zan zo, sannan na zauna ina tunanin abin da na ɗauko wa kaina. In Ngozi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in juya, to shi ke nan, shekara ashirin da biyu sun tafi, kuma ni na zubar da su.

Maigidana ya yarda, da sharaɗin in tafi da ƙanena Bukar, dillalin shanu ne, ya saba bin hanyar Kudu. Na haɗa dilka, da halawa, da kurkum, da humra baƙa da fara, da turaren wuta kala uku, da kasko biyu, da lafaya sabuwa ta amarya. Bukar ya ɗaga jakar ya ce, "Ya Falmata, aure za mu je ko buɗe shago?"

Muka shiga mota da sassafe, da zarar an buɗe hanyar Damaturu, don a lokacin ita kaɗai ce mafita daga gari. Wanda ya bi hanyar a shekarun nan ya san yadda ake yi: a zo shinge, kowa ya sauka, a taka da ƙafa a wuce, mota ta biyo baya. A shinge na uku jakata ta yi ƙarar kwalabe, wani soja dogo ya ce a buɗe. Ya ɗaga robar dilka, ya ga abu ja-ja mai danƙo, ya ja da baya.

"Mama, mene ne wannan?"

"Na gyaran amarya ne, ɗana."

"Ana ci?"

"Ana murzawa."

Bai gamsu ba. Na buɗe kwalbar humra na ce ya miƙo hannu, na ɗiga masa a wuyan hannu. Ya shinshina, ya lumshe ido, ya ƙara shinshinawa. Abokan aikinsa suka fashe da dariya, ɗaya ya ce yau oga zai kwana yana ƙamshin amarya. Shi da kansa ya taya ni mayar da kwalaben, yana cewa in naɗe su da zani kada su fashe. Duk tsoron da na fito da shi daga gida ya ragu da rabi a wurin nan.

Daga Damaturu zuwa Potiskum zuwa Bauchi idona na kan bango. Hotunan 'yan takara suna nan ba a cire ba, rana ta kodar da su. Na namu lafiya lau, na nasu kuwa an yage ko an caɓa masa laka. Na ce wa Bukar, "Ka gani? Arewa duk tamu ce. Sai mun tsallaka kogi za mu ga nasu." Ya ce, "Ke dai ci gyaɗarki, tafiya ba ta fara ba."

A Bauchi muka sauya mota zuwa Jos. Na zauna kusa da wata Bayarabiya mai jiki, 'yar kasuwar robobi, ta ce a kira ta Iya Bose. Da ta ji daga Maiduguri nake sai ta dafa ƙirji, wani mutum a gabanmu kuwa ya janye jakarsa daga kusa da tawa a hankali, wai don kada in lura. Na lura. Na ce, "Malam, turare ne, in ya tashi ƙamshi kawai za ka ji." Motar ta ɗauki dariya, shi ma ya yi, har ya saya mana rake a Toro. Hira ta yi daɗi, na kasa haƙuri na tambayi Iya Bose wa suka zaɓa a wajensu. Ta ce naku mana. Na ce, ke 'yar Kudu? Ta ce, "Ah, Hajiya, Kudu ɗaya ne? Manyanmu sun shiga ƙawance da naku, an ba ɗanmu mataimaki. Ni kuma kayana suna kwana a hanya, na ce a gwada wani hannu." Bukar ya juyo ya yi mini wani kallo da ya fi magana ciwo.

Mun isa Jos da magariba. Jama'a, ku da kuke kukan sanyi a Maiduguri ba ku san sanyi ba. Na naɗe da lafaya biyu haƙorana suna kaɗawa. Muka sauka a wani ƙaramin masauki kusa da tasha, na wata dattijuwa Kirista da ake kira Mama Talatu. Ɗaki tsaf, bargo uku, amma ruwan randarta kamar an fasa ƙanƙara a ciki. Da asuba na sa hannu zan yi alwala na yi ƙara, sai ga ta da ruwan zafi a buta tana dariya. Ta ce duk baƙon da ya zo daga Barno da wannan ƙarar yake tashin ta.

Ta kawo mana gwaten acca da ganye, mai ɗan tsami, na sha kwano biyu. Hausarta ta fi tawa, ni da Kanuri ke leƙowa a kowace kalma. A jikin bangon zaurenta kuwa ga hoton nasu, an manna shi da kyau, ko ƙura babu. Na ce, "Mama, ke ba 'yar Arewa ba ce?" Ta ce, "Kakana a kan dutsen nan aka binne shi, in ba Arewa ba ina ne?" Na ce to yaya aka yi? Ta ajiye ludayi ta ce, "Hajiya, ku kun binne naku, Allah ya ji ƙansu. Mu ma a garin nan mun binne namu, ba sau ɗaya ba. Mu ƙananan ƙabilu ne. In manya suka haɗa kai mukan ji kamar za a manta da mu a tsakani. Shi wancan ma daga ƙaramar ƙabila ya fito, sai muka ga kamar zai fi jin maganarmu." Ta ƙara mini gwate, ta ce in gaishe mata da mutanen Maiduguri, tana sa mu a addu'a a coci. Na fita daga gidan raina a jagule, don matar ta zaɓi wanda na tsana, kuma na ji ina son ta.

Daga Jos hanya gangara ce da kwana-kwana, kunnena ya toshe har Akwanga. Bayan Lafiya ƙasa ta fara sauyawa, doya tuli-tuli a bakin titi, lemo kamar a kyauta. Ni tun ina yarinya nake jin cewa kogin Binuwai ne iyaka, in ka haye ka bar gida. Da muka hau gadar Makurɗi na riƙe kujerar gaba ina salati, don ban taɓa ganin ruwa mai faɗin nan ba, ni da na saba da Ngadda da ake tsallakawa da ƙafa in rani ya yi. Babu wanda ya tambaye ni takarda, babu ƙofa, babu komai. Direbanmu, wani Tibi mai fara'a da gicciye a rataye a madubi, ya ce, "Mama, buɗe ido, mun wuce."

Kun san ni, sai da na tambaye shi wa ya zaɓa. Ya ce naku ya zaɓa, wansa kuma nasu, uwa ɗaya uba ɗaya, har yau in an zauna cin sakwara ba a tayar da zancen. Na ce kai Kirista? Ya ce, "Mama, tayar mota ba ta san coci ba. Na gaji da ramuka, na ce a canja." A nan na daina kallon bango. Taswirar da na ɗauko a kaina daga talabijin ta riga ta yage, kuma abin da ya fi damuna shi ne da ita na yanke wa Ngozi hukunci.

Muka wuce Otukpo, muka shiga ƙasar Ibo da la'asar. Ƙasa ja, itatuwan kwakwar manja, gidaje manya-manya a cikin daji waɗanda Bukar ya ce masu su suna Legas ko Kano, sai Kirsimeti suke zuwa. A wata tasha mata suka rufe motar suna miƙo wani abu a ganyen ayaba, suna cewa okpa. Ashe alalen gurjiya ne, rawaya da manja, da zafinsa. Na ci ɗaya don gwaji, na ƙare da uku.

Ada ce ta tare mu a bakin titi. Ta zama mace sosai. Ta rugo ta faɗa jikina tana cewa, "Wushe, wushe, Mama Falmata!" mutane suna kallon wannan 'yar Ibo da ke gaisuwa da Kanuri. Muka shiga gida. Emeka ya yi furfura, ya rungume Bukar yana tambayar kowa a Gamboru da suna. Sai Ngozi ta fito daga kicin tana goge hannu. Ta kalle ni, ta kalli jakata, ta kalli 'yarta.

"Sannu da zuwa, Hajiya," in ji ta. "Ada, kai baƙuwarki ɗaki."

Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa ce mini Hajiya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku muka yi haka. Abinci yana zuwa a kan lokaci, kifi ne kullum don ta san ba zan ci yankan da ban sani ba, ta aiko da tabarmar salla sabuwa, amma in na shiga kicin sai ta tuna tana da aiki a waje. Ni kuma na duƙufa a kan amarya. A bayan gida, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, nake murza ta da dilka safe da yamma, in bi da kurkum. Rana ta biyu na zaunar da ita a kan kasko na lulluɓe ta da bargo, hayaƙi yana fita ta ko'ina. Wata gwaggonta ta leƙo, ta ga bargo yana hayaƙi da kan mutum a sama, ta kurma ihu, ta dawo da bokitin ruwa. Da ƙyar Ada ta tsayar da ita. Zuwa yamma gwaggon nan ce ta dawo a ɓoye, tana nuna kaskon tana nuna kanta. Na turara ta. Washegari ta zo da ƙawaye biyu.

Ana gobe biki dangin Emeka suka taru a tsakar gida, maza a kan kujeru a da'ira, mata a gefe. Don mu baƙi ne daga nesa aka sa mana kujera ni da Bukar a cikin da'irar. Shugaban taron wan Emeka ne, tsoho sosai, da jar hula da sanda. Aka kawo goro a faranti, irin hannun ruwa mai ɓari huɗu. Wani ya ɗauki farantin ya nuna wa tsohon, ya nuna wa wancan, ya nuna wa wancan, sannan ya zo gaban Bukar. Bukar ya sa hannu ya taɓa farantin kawai, ya janye.

Raina ya ɓaci. Yaron da na goya, a kawo masa goro a gidan mutane ya taɓa ya mayar, kamar ba shi da tarbiyya? A wurinmu wanda ya ƙi goronka ai ya ƙi ka. Ga shi ina neman shiri da matar gidan, shi kuma yana ƙara ɓata mini. Kafin mai farantin ya wuce na miƙa hannu na ɗauki mafi girma, na ce bismillah, na fasa shi da babban yatsa. Na jefa ɓari ɗaya a baki, na miƙa wa Bukar ɗaya, sauran na ƙulle a bakin lafaya, na ce, "Mun gode, Allah ya sa albarka."

Wurin ya yi tsit. Wani tsoho da ke shirin shaƙar taba ya tsaya da hannu a sama. Bukar ya sunkuyar da kai yana raɗa mini da Kanuri cewa na kashe mu. Ashe su goro nuna shi ake yi, kowane namiji ya taɓa, ya koma hannun babba, ya yi doguwar addu'a a kai da harshensu, sannan a fasa. Mace kuwa ko taɓa farantin ba ta yi a gaban maza. Ni na taɓa, na ɗauka, na fasa, na ci, na kuma yi guzuri. Ga goro a kumatuna, na rasa ko in tauna ko in tofar.

Sai na ji wata dariya daga wajen mata, dariyar da zan gane ko a cikin kasuwar Litinin. Ngozi ce, ta riƙe ciki, hawaye na zuba. Ta taso ta shigo tsakiyar maza, ta durƙusa gaban tsohon ta yi magana mai tsawo da Ibo tana nuna ni. Daga baya Ada ta fassara mini. Cewa ta yi matar nan ita ta riƙe ta a ranar naƙuda, ita ta ɓoye su a ɗakinta kwana biyu lokacin da unguwa ta rikice, in akwai tara a ɗora mata ita. Sannan ta juyo gare ni da Hausarta ta Bulabulin ta ce, "Ya Falmata, ke dai har ki mutu ba za ki koyi tambaya kafin ki yi abu ba. Tauna goronki."

Na tauna ina kuka.

Tsohon ya buga sanda, ya yi magana da wata Hausa irin ta da. Ashe ya yi aikin jirgin ƙasa a Kafanchan kafin yaƙin basasa. Ya ce ya san mutanen Arewa, goro ba ya kwana a hannunsu, laifin mai farantin ne da ya wuce kusa da ni. Tarata ita ce in turara masa ɗakinsa. Aka kawo wani goron, ya yi addu'arsa, na ji ya ambaci Maiduguri a ciki, kowa ya amsa.

Da aka fara ciye-ciye ya sa aka matso da kujerata. Ya ce, "'Yata, in tambaye ki. Me ya sa ku duka kuka bi mutum ɗaya, kamar an yi muku kiran salla?" Na ce, "Baba, ni ma tambayar da na zo da ita ke nan." Ya yi dariya ya ce in fara. Na gaya masa yadda muke, yadda uwa ke tsayawa a bakin ƙofa in yaro ya je kasuwa, na ce wanda ya ce zai kawo mana sauƙi shi muka bi, ba mu da wani lissafi. Ya jinjina kai. Ya ce, "Ni na gudo daga Arewa ina saurayi. Ƙanena ya gudo da furfura. Sau biyu gidan nan yana karɓar 'ya'yansa da kaya a ka. In aka ba ni takarda aka ce in dangwala, hannuna yana zuwa wurin wanda garinsu ke kusa da namu, wanda nake ganin in na yi kuka zai gane muryar. Ba don ban ji labarinku ba. Na ji, na kuma yi baƙin ciki." Ban ce ya yi daidai ba, shi ma bai ce na yi daidai ba. Muka ci abinci.

Da yamma Ngozi ta ja ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in dakata. Ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta fito da katin zaɓenta ta sa mini a hannu, ta ce in karanta. Hotonta ne, a ƙasa an rubuta Borno, an rubuta mazaɓarmu, rumfar da ke bakin makarantar firamare inda muke layi tare.

"Ranar zaɓe na je rumfar ƙauyen nan," in ji ta. "Suka ce sunana ba ya nan, in tafi inda na yi rajista. Na dawo na zauna a kan gadon nan. A wancan launin da kika gani babu ni, a naku ma babu ni. A nan suna ce mini Bahaushiya don ina sa turare ina cin tuwo. Na ce bari in kira gida in ji murya, sai gida ya ce mini zaman banza muka yi."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ce, "Ashe ma ba ki zaɓe shi ba."

Ta ce, "Kada ki yi murna. Da na samu dama shi zan zaɓa. Kuma da kin tambaye ni da na gaya miki dalili, ki yi masifarki, in yi tawa, mu ci abinci kamar yadda muka saba. Ba ki tambaya ba. Talabijin kika tambaya."

Na riƙe ƙafarta, ta ture ni tana cewa in tashi kada in shafa mata kurkum a zani. Muka zauna a bakin gado muna bin mutanen Bulabulin gida-gida, wa ya rasu, wa ya haihu, wa ya koma Kano. Har aka kira mu cin abinci ba mu kai ƙarshen layinmu ba.

Bikin ya yi kyau ƙwarai. Su amarya ba ta ɓuya a ɗaki da lulluɓi kamar tamu. Ubanta ya ba ta bammi a ƙoƙo, ta shiga taro tana rawa tana neman ango, samari suna kiran ta ta ko'ina, shi kuma ya ɓuya a can baya. Da ta same shi ta durƙusa ta ba shi ya sha, aure ya ɗauru ke nan. Na ce da a Maiduguri ne da gwaggwanni sun suma. A fita ta biyu Ada ta fito cikin lafayar da na kawo, fatarta tana sheƙi, ƙamshi yana riga ta isa. Mata suka bi ta da hanci. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, Ngozi ta amsa mini daga can gefe, don a ɗakina ta koya.

Ranar komawa ta rako mu tasha da kanta. Ta cika mini jaka da manja, da garin rogo, da okpa mai zafi, tsohon kuma ya aiko da goro huɗu, ya ce waɗannan in fasa yadda na ga dama. Emeka yana gefe yana cewa ya sha gaya mata ta je ta mayar da rajistarta ƙauye, abu ne mai sauƙi, ta ƙi.

Na ce, "Ngozi, ai gaskiyarsa ce. Ki mayar mana, kada wani zaɓen ya sake wuce ki."

Ta gyara mini bakin lafaya ta tagar mota, ta ce, "Ba inda zan mayar. Ki share mini ɗaki in lokaci ya yi. A layinmu zan tsaya, a bayanki, kuma ina gaya miki tun yanzu, ba naki zan zaɓa ba."

Direba ya tayar da mota. Na leƙo na ce, "Ki zo ki zaɓi wanda kika ga dama. Ni zan riƙe miki jaka."